'Yata Ba Ta Ce Mini Komai Sai Eh Ko A'a

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin watan nan ya mutu. Na ga haka kowa yake kiranki a wannan fili, to ni ma na bi ayari, ko da yake ina kyautata zaton na girme ki, don kaina ya yi fari fat, gemun ma ya bi sahu. Ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan takarda ba. Ni ake zuwa nema, a zauna a benci ana jiran layi don a ji ta bakina. Yau ga shi reshe ya juye da mujiya.

Ni lauya ne, shekarata talatin da ɗaya ina shiga kotu. Ba irin lauyan nan mai zama ƙarƙashin fanka yana rubuta yarjejeniya ba, a'a, na tsayuwa gaban alƙali ne, mai titsiye masu ba da shaida. Ba yabon kai ba, in aka ce ni ne a ɗaya ɓangaren, akwai lauyoyin da cikinsu ke ɗurar ruwa. Ubangidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, dokoki biyu ya dasa mini a ka. Ta farko, kada ka kuskura ka yi wa mai shaidar abokin gaba tambayar da ba ka riga ka san amsarta ba. Ta biyu, kada ka taɓa tambayarsa dalili, domin da zarar ka ce masa me ya sa, ka buɗe masa ƙofa ke nan, zai shigo da labarin da ba ka shirya masa ba ya rusa maka gini. Saboda haka kowace tambaya a ɗan ƙaramin kati nake rubuta ta, amsar tana bayansa tare da lambar shafin da hujja take, in jera su in ɗaure da roba. Mutum ya fara zagaye-zagaye sai in katse shi, in ce eh ko a'a kawai kotu take son ji. Ki riƙe wannan, Anti, don shi ne ya kai ni inda nake yau.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wasu ma'aikatan masana'antar niƙa dutse suka zo ofishina, mutum arba'in da uku. Ƙurar dutse ta cinye musu huhu, masu kamfanin kuma suka sallame su ɗaya bayan ɗaya, aka ci moriyar ganga aka yar da kwaurenta. Lauya uku suka je wa kafin ni, kowa ya ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ni da taurin kaina na karɓa. Ofishin nawa ɗaki biyu ne a hawa na biyu, saman wani shagon tela, kuma kafin mutanen nan su hau matakala ashirin da biyu sai sun tsaya sau uku suna tari. Tun daga ƙasa nake gane wanda ke tahowa da jin tarinsa. Akwai wani dogon benci a bakin ƙofa, nan suke zubewa suna mayar da numfashi. A lokacin 'yata tana da shekara goma sha huɗu, in an yi hutun makaranta tare muke zuwa aiki. Na ba ta tebur a kusa da nawa don ta koyi jera fayil, amma ko yaushe na ɗaga kai sai in ga ta sulale, tana can kan bencin da butar ruwan ɗumi, tana zuba wa wannan tana dafa bayan wancan. Nakan yi mata faɗa in ce ta dawo bakin aiki.

Ita kaɗai Allah ya ba mu. Tun tana ƙarama bakinta ya fi ƙarfinta, in muka yi musu da uwarta ita ke yanke hukunci, kuma kullum ni ake kayarwa. Lauyar Baba muke kiranta. Da na sake allon ofis sai na sa mai fenti ya bar fili a ƙarƙashin sunana, daidai tsawon nata sunan. Tela ma ya sani, in ta wuce yakan tsokane ta cewa wurinta na nan yana jira. Da ta shiga jami'a ta fara karatun lauya, wallahi har hawaye na yi a mota.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara biyar ke nan da rasuwar matata. Ta yi wata biyu a asibiti. Ranar da abin ya faru ita ce ranar da za a saurari wani dattijo, babba a cikin ma'aikatan nan, wanda ya shekara ashirin a ɗakin niƙa yana rubuta a wani ɗan littafi duk ranar da injin zuƙe ƙura ya mutu aka ce su ci gaba da aiki. Lauyoyin kamfanin sun riga sun sa an ɗage zama sau goma sha bakwai, kowa ya san mutuwarsa suke jira. Likitansa ya gaya mini ba zai kai wani zaman ba. Da safe na tsaya a bakin gadon matata da rigar kotu a hannu, yarinyar ta fita ɗebo ruwa. Na ce wa matata zan aika a nemi ɗage zaman. Ba ta iya magana sosai a lokacin, sai ta girgiza kai, ta nuna mini ƙofa da hannu har sau biyu, irin yadda take kora ta in na tsaya mata a kicin. Na tafi. An shigo da dattijon a keken marasa lafiya, ya ba da shaidarsa yana tsayawa yana tari, awa huɗu cur. Da na fito na kunna waya, sai ga kira goma sha tara. Matata ta cika da azahar, ba kowa a wurinta sai yarinya 'yar shekara ashirin da wata nas. Dattijon kuma ya rasu bayan sati uku.

Ban gaya wa 'yata cewa uwarta ce ta kore ni ba. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ji kamar mai laifi ne ke kare kansa, ni kuwa na san yadda irin wannan magana take faɗuwa a kunne, na ji ta ya fi sau dubu. Ita ma ba ta tambaye ni ba. Muka ci gaba da zama mu biyu a gidan da ya yi mana yawa. Ashe uwar ce tafintarmu, ita ke ɗaukar maganata ta wanke ta kafin ta miƙa wa yarinya, ta ɗauko ta yarinya ta kawo mini. Amma duk da haka muna taɓa hira, tana ba ni labarin malamansu, har takan yi mini dariya in na sa safa kala biyu.

Shekara biyu da suka wuce na haɗu da wani abokin karatuna da ke koyarwa a jami'arsu. Muna gaisawa sai ya ce ya yi baƙin cikin rasa ɗaliba irin 'yata. Na ɗauka zolaya ce. Ashe shekara guda ke nan da ta ajiye karatun lauya, bayan shekara uku a ciki, ta koma makarantar koyon aikin jinya. Shekara guda, Anti! Kullum da safe ta gaishe ni, ta ɗauki jaka da ƙaton littafin dokar da na saya mata yana leƙowa, ta fita. Ni da nake gane maƙaryaci daga yadda yake haɗiye yawu, a gidana aka yi mini sakiyar da ba ruwa.

Da wani uban ne, da ya koma gida ya yi ihu, ta yi kuka, a wuce wurin. Ni kuwa ba haka na yi ba. Kwana tara na yi ina shiri. Na samo takardar barin makaranta da kwanan watanta, na samo takardar shiga sabuwar, har na je na tsaya daga nesa a bakin ƙofar makarantar na gan ta da farar riga. Na rubuta kati goma sha huɗu, na ɗaure da roba. Ranar Asabar da hantsi na kira ta teburin cin abinci, na sa ta zauna a ɗaya gefen, na ajiye fayil a gabana. Na fara daga nesa yadda ake yi: ko ta san wannan sa hannun, ko nata ne, ko ranar kaza ta ce mini jarrabawa za ta je. Sau uku tana cewa in bari ta yi mini bayani, sau uku ina katse ta, ina cewa eh ko a'a kawai nake son ji. Da muka kai kati na tara ta daina ƙoƙari. Ta naɗe hannu a kan cinya, tana kallon fayil ɗin, tana cewa eh. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko ta yarda ta yi wa ubanta ƙarya tsawon shekara, ta ce eh. Na rufe fayil na tashi, kamar yadda nake yi in na gama da mutum. Ban tambaye ta me ya sa ba. Ko a raina tambayar ba ta zo ba, shekara talatin na yi ina kashe ta.

Tun daga ranar, Anti, yarinyar nan ba ta ƙara ce mini komai ba sai eh ko a'a. Kada ki ɗauka rashin kunya take yi mini, da ma shi ne da na san ta inda zan kama. Tana gaishe ni har ƙasa. Abincina bai taɓa makara ba, maganin hawan jinina yana kan faranti kusa da kofin shayi kullum, rigar kotuna a goge a rataye. In na tambaya ko ta dawo lafiya, eh. Ko akwai abin da take bukata, a'a. Ko karatu da wuya, a'a. Nakan ji ta a ɗakinta tana waya da ƙawayenta tana ƙyalƙyala dariya, irin dariyar uwarta sak, in tsaya a baranda kamar ɓarawo ina saurare. Ina yin gyaran murya sai gidan ya yi tsit. Kaico! Ni da nake sa manyan mutane gumi, ga ni ina satar dariyar 'yata ta ƙofa.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce ai ita ta yi laifi, ni me na yi? Duk abin da na faɗa a teburin nan gaskiya ne, da hujjarsa. Ban zage ta ba, ban ɗaga hannu ba, ban hana ta karatun ba. Na ce bari in ga iya gudun ruwanta. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nawa ne ta kwaso duka. Ƙanwata ta so shiga tsakani, na ce ba na bukatar lauya a gidana.

Makon jiya aka yanke hukunci. Mun yi nasara, Anti, a kan komai, kuma alƙali ya ce littafin dattijon nan da shaidarsa su ne ƙashin bayan shari'ar. Mutum tara daga cikin arba'in da ukun ba su ga ranar ba, matansu da 'ya'yansu ne suka zo. Aka rungume ni a harabar kotu, wata tsohuwa ta riƙe mini hannu ta ƙi saki. Na kamo hanyar gida da la'asar da takardar hukuncin a kujerar gefe, shafi tamanin da shida, ina ta magana ni kaɗai a mota. Na shiga falo na tarar da ita za ta shiga ɗaki. Na tambaye ta ko ta ji an yanke hukunci, ta ce eh. Sai ta tsaya, hannunta a kan marfin ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta juyo ba. Ni kuwa sai na tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce eh, ta shige. Na zauna a gaban kujerar da uwarta ke zama tana tsefe kai, na karanta wa kujerar shafin ƙarshe a hankali. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar rasuwar.

Shekaranjiya ƙanwata ta gaya mini yarinya ta gama, ta sami aiki a wani asibiti mai nisa, sashen masu ciwon ƙirji, tafiyar yini guda. Ƙarshen wata za ta tafi. A bakin ƙanwata na ji, ba a nata ba. Na leƙa na ga akwati biyu a bayan ƙofarta, ɗaya har an ɗaure. Na san in ta fita daga gidan nan a haka, shi ke nan, za ta riƙa kira tana cewa eh da a'a har ranar da za a kira ta a ce ta zo.

Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. Na san tambayar da ban yi ba, kuma ina tsoron amsarta. Ina tsoron ta ce ta bar aikin lauya ne don ta ga ranar da aka fi bukatar lauyan gidansu yana kotu, nas ce ta tsaya. In ta faɗi haka ban san inda zan sa kaina ba, domin ko yau aka mayar da ni bakin gadon nan, ban san me zan zaɓa ba. Na zauna na shirya yadda zan ba ta haƙuri, sai da na gama na lura a kati na rubuta, guda ashirin da biyu, har na ɗaure da roba. Suna nan a aljihuna. Anti, na yi laifi ne da na tsaya wa mutanen nan? Kuma ta ina zan fara da 'yata? Ki gaya mini gaskiya, na saba jin hukunci.

Naki,
Mai Baƙar Riga

AMSA

Tunda ka ce ka girme ni, to Yaya zan kira ka, kuma ka san ƙanwa ba ta jin tsoron baƙar riga. Da farko ina taya ka murna, kai da iyalan mutanen nan. Shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ne. Ka tsaya wa waɗanda kowa ya juya wa baya, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya jiƙan matarka.

Tambayarka ta farko amsarta a'a ce, ka ga ni ma na iya. Ba ka yi laifi da ka tsaya musu ba. Ranar asibitin nan an sa ka tsakanin haƙƙi biyu, kowanne da nauyinsa, kuma ba ka san ranar ce ranar ba. Mai ɗakinka ta san mijin da ta aura, ta kuma nuna maka ƙofa da hannunta. Ba zan ɗora maka abin da ita ta sauke maka ba. Amma ka tuna akwai wadda ba ta ga hannun nan ba, ta dawo da ruwa ta tarar babanta ya tafi, ta kira sau goma sha tara. Shekara biyar tana ɗauke da ranar ita kaɗai, kai ma kana ɗauke da ita kai kaɗai, bango ɗaya ne tsakaninku.

Yarinya ta yi kuskure, wannan ba musu. Ɓoye wa uba abu irin wannan har shekara ba daidai ba ne, kuma zafin da ka ji na gaskiya ne. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da kullum take wucewa ƙarƙashin allon da aka bar mata fili, har tela ya san da zancen, ta ina za ta fara cewa ba ta so? Kuma da ka gano, Yaya, abin da ka yi ya fi ihu ciwo. Dokokin ubangidanka na abokin gaba ne, kai da bakinka ka faɗa. An ƙirƙire su don a hana mutum ba da labarinsa. Ka ɗauko su ka yi amfani da su a kan 'yarka, sau uku tana roƙon ta yi bayani kana rufe mata baki. Ka gaya mata eh ko a'a kawai kake son ji, ita kuma ta yi maka biyayya shekara biyu. Ko a kotunku, na ji an ce ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Masu kamfanin nan sun sami shekara goma sha ɗaya suna kare kansu, 'yarka ko minti biyar ba ta samu ba.

Ita ma ina da magana da ita in wannan shafi ya faɗa hannunta. 'Yata, shirun shekara biyu ya isa haka. Uba ne, ya tsufa, kuma kin ga yadda mutuwa ba ta sallama. In ya yi taku ɗaya, ki yi biyu.

Amma kai ka rubuto, kai zan ba aiki. Kada ka yanke ƙauna, don wasiƙarka cike take da shaidar da kai gwanin shaida ba ka gani ba. Wadda ta fitar da kai daga ranta ba ta lissafa maka ƙwayar magani kullum safiya. Wa ya gaya mata an yanke hukunci kafin ka iso gida? Bibiya take yi. Kuma da ta tsaya da hannu a kan ƙofa, ba ƙofar ce ta yi mata nauyi ba, jira take ka ce wani abu. Kai kuma ka tambaye ta abinci. Allah ya shirye ka, Yaya!

Katunan nan ashirin da biyu, ka ciro su daga aljihu ka bar su a aljihun tebur a ofis, ka kulle. Kada ka kira ta teburin cin abinci, wurin nan ya riga ya zama kotu a idonta, kuma kada ka aika a kira ta ko'ina. Kai za ka je. Ka ƙwanƙwasa ƙofarta da rana tsaka, ka nemi izini, ka zauna a bakin gado ko ma a ƙasa kusa da akwatin da ba a ɗaure ba, ka ce ka zo taya ta ninke kaya. Hannu yana aiki baki ya fi saurin buɗewa. Ka ce mata abin da ka yi ranar Asabar ɗin nan kuskure ne, ta yafe maka. Kada kalmar amma ta biyo baya. Na san ku lauyoyi, yanzu za ka so ka ƙara da cewa ita ma ai ta yi kaza, to ka haɗiye. Nata haƙurin zai zo da ƙafarsa in lokacinsa ya yi.

Daga nan sai ka karya dokokin ubangidanka duka biyun a lokaci guda. Ka tambaye ta me ya sa ta zaɓi jinya, sannan ka yi shiru. Nan ne aikin yake. In ta yi minti goma ba ta ce komai ba, ka ci gaba da ninke kaya. In ta fara, kada ka gyara mata kwanan wata, kada ka ce ba haka aka yi ba. In ta faɗi abin da kake tsoro, ka karɓa, ba zai kashe ka ba, kuma gara ya fito da ta tafi da shi a akwati. In hawaye ya zo maka kada ka juya baya, bari ta gani, wataƙila ba ta taɓa sanin ka yi kukan uwarta ba. Sai ta gama tsaf, ko da washegari ne, sannan ka gaya mata yadda uwarta ta kore ka da hannu. Ba don ka wanke kanka ba, don haƙƙinta ne ta san abin ƙarshe da uwarta ta yi, kuma ka gaya mata har yau yana ci maka rai. In ranar farko eh da a'a ka samu, ka koma washegari. Mutumin da ya jure ɗagewa goma sha bakwai ba zai gaji a ta biyu ba.

Kada ka roƙe ta ta fasa tafiya, kuma kada ka nuna mata kaɗaicinka don ta ji nauyi. Ka sa mata albarka a fili, ka kai ta da kanka in ta yarda, yini guda a mota ba ƙaramar dama ba ce. Ka kira mai fenti ya gyara allon nan kafin ta tafi, ya cike filin da lambar waya ko ma mene ne. Ka sassauta wa ƙanwarka, za ka bukace ta in gida ya rage kai kaɗai, kuma ka nemi tsofaffin abokanka, kujera ba ta amsa magana.

Abu na ƙarshe. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma ina da zato a kan dalilin 'yarka, zaton da ba shi ne naka ba. Yana nan cikin abin da ka rubuta da hannunka, ka wuce shi ba ka waiwaya ba. Amma wallahi ba zan faɗa maka ba, don na san halinka, yanzun nan za ka rubuta shi a bayan kati ka shiga ɗakinta da amsa a hannu. Ka je ba ka sani ba, Yaya, sau ɗaya dai a rayuwarka. Allah ya sanyaya zukatanku, ya kai ta wurin aikinta lafiya, ya sa ka ji dariyar nan ba ta bayan ƙofa ba. Allah ya buɗe bakinta, ya kuma riƙe maka naka har ta gama.